Ayarin Yuraniyam da Masu Awon Ruwa: Tarihin Kimiyyar Nukiliya a Hanyar Parakou da Djougou

Gabatarwa

A tashar jirgin ƙasa ta Parakou, inda layin dogon da ya taso daga Kwatano ya tsaya tun shekarar 1936, an shafe shekaru masu yawa ana sauke wani kaya daga manyan motoci ana loda shi a taragu. Kayan yakan zo ne cikin gangunan ƙarfe da aka liƙe bakinsu, abin da ke ciki kuma gari ne mai launin ruwan ɗorawa, wato yuraniyam ɗin da aka haƙo a Arlit ta arewacin Nijar. Daga Kwatano sai jirgin ruwa ya wuce da shi Faransa, inda ake sarrafa shi ya zama abincin tashoshin wutar lantarki. Mutanen Parakou sun ga wucewarsa kamar yadda kakanninsu suka ga wucewar ayarin goro. Sai dai goro kowane ɗan kasuwa ya san yadda ake bambance daushe da sabo, ya san wanda tsutsa ta ci. Shi kuwa wannan kaya ido ba ya ganin haɗarinsa, hanci ba ya jinsa, harshe ba ya ɗanɗanarsa. Na'ura ce kaɗai ke gane shi, sai kuma wanda ya iya karanta na'urar.

Saboda haka tarihin kimiyyar nukiliya a ƙasashen Hausa da maƙwabtansu, idan aka bi diddiginsa, tarihin awo ne: wa ya auna ruwa da ƙasa da ƙura, da wace na'ura, a wane ɗakin gwaji, kuma wa aka faɗa wa sakamakon. Kayan ya riga ilimin isowa da shekaru masu yawa. A cikin wannan giɓi ne guraben da matasan masu bincike ke nema a yau suka tsiro.

Hanyar Fatake

Tun kafin Turawa su raba ƙasar Borgu tsakanin Ingila da Faransa a shekarar 1898, garuruwan Nikki da Parakou da Djougou zanguna ne a kan hanyar fatauci da ta haɗa Kano da Sakkwato da kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja. Madugai sukan jagoranci ayari mai ɗaruruwan mutane da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafin rini da kayan fata, su komo da goro. Djougou, wadda fatake ke kira Zugu, ta yi fice da unguwar baƙinta ta Wangara, inda Dendawa da Hausawa da sauran 'yan kasuwa Musulmi suka zauna. Bayan da Ingila ta ci Asante da yaƙi a shekarar 1874, sannan yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, hanyar goron ta sauya, amma zangunan ba su mutu ba. Har gobe ana jin Hausa a kasuwannin Parakou da Djougou, a bakin mahauta da masu sayar da dabbobi da direbobin manyan motoci.

Akwai wani ilimi da madugu ba ya rabuwa da shi, shi ne sanin ruwa. Dole ya san rijiyar da ke ƙafewa a watan bazara da wadda ba ta ƙafewa, ya san rafin da ake ƙetarewa a ƙafa da wanda sai an jira ya janye. Rayuwar ayari gaba ɗaya ta rataya a kan wannan sani. Tambayoyin da masu binciken ruwa ke yi a yankin a yau su ne dai na madugun: daga ina ruwan nan yake zuwa, yaushe ya shiga ƙasa, kuma har yaushe zai ɗore. Kayan aikin amsa su ne suka canza.

Ayarin Yuraniyam

A shekarar 1957 masu binciken ma'adinai na Faransa, waɗanda tagulla suka fita nema, suka ci karo da yuraniyam a Azelik, yamma da Agadas. Kamfanin SOMAIR ya fara haƙa a Arlit a 1971, na COMINAK kuma ya biyo baya a Akokan a 1978. Da yake Nijar ba ta da gaɓar teku, sai kayan ya bi hanyar Agadas da Tawa da Doso, ya ƙetare kogin Kwara a gadar da ke tsakanin Gaya da Malanville, ya gangaro Parakou bayan tafiyar kimanin kilomita 1,600. Daga nan jirgin ƙasa na hukumar haɗin gwiwar Benin da Nijar, OCBN, ya ɗauke shi tsawon kilomita 438 zuwa bakin teku. Motocin ba sa komawa fanko, domin sukan haura da farar wuta da sauran kayan da masana'antun Arlit ke bukata don narkar da dutse. Da harkar jirgin ƙasa ta ja baya, motoci suka riƙa kai kayan har Kwatano. Hanyar ta tsaya cik bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga watan Yuli, 2023, lokacin da aka rufe iyakar ƙasashen biyu.

Abin da ya wuce ta Parakou ɗan kaɗan ne daga abin da aka tono. A cikin kowane tan ɗaya na dutsen Arlit, yuraniyam bai wuce 'yan kilo ba. Ragowar, wato dusar dutsen da aka niƙa aka jiƙa da ruwan asid, tana nan jibge a bayan gari, kuma ita ce ke riƙe da mafi yawan tururin nukiliyar da ke cikin dutsen tun asali. A cikinta akwai sinadarin radiyam, wanda sai bayan shekara 1,600 rabinsa ke ƙarewa, kuma shi ke haifar da iskar radon mai illa ga huhu. Lokacin da aka rufe COMINAK a ranar 31 ga watan Maris, 2021, an bar kimanin tan miliyan 20 na wannan dusa a Akokan.

Muhawara a kan lafiyar mutanen Arlit ta yi zafi ne bayan da ƙungiyar Aghir In'Man, ƙarƙashin jagorancin Almoustapha Alhacen, ta gayyato masu awo na ɗakin gwajin CRIIRAD daga Faransa a ƙarshen shekarar 2003, sannan ƙungiyar Greenpeace ta zo a 2009. Rahotanninsu sun ce an samu gurɓatattun ƙarafa a kasuwar garin, an kuma samu ruwan sha da yuraniyam ɗinsa ya zarce mizanin Hukumar Lafiya ta Duniya. Kamfanin Areva ya musanta da nasa alƙaluman. Abin lura ga mai nazarin tarihi shi ne, mafi yawan lambobin da aka yi ta jayayya a kansu sun fito ne ko dai daga kamfanin, ko daga ɗakunan gwajin Turai. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a Arlit mai ɗakin sai da ya jira baƙo ya zo da ma'auni.

Ƙurar Hamada da Agogon da Ke Cikin Ruwa

Farkon abin da ya sa gwamnatocin yankin suka damu da awon tururin nukiliya ya faru ne tun kafin a haƙa ramin farko a Arlit. A ranar 13 ga watan Fabrairu, 1960, Faransa ta tayar da bam ɗin nukiliyarta na farko a Reggane, cikin hamadar Aljeriya, a daidai lokacin da iskar hunturu ke kwaso ƙura zuwa kudu. Bayan gwaji na uku, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Legas a watan Janairun 1961. A 1964 Nijeriya ta shiga Hukumar Kula da Makamashin Nukiliya ta Duniya, IAEA, wadda aka kafa a 1957, kuma a wannan shekarar ta buɗe sashen kare jama'a daga tururin nukiliya a Jami'ar Ibadan. Nijar ta shiga hukumar a 1969, Benin kuwa sai a 1999. A Dakar ma, a shekarun 1960 ne Cheikh Anta Diop ya kafa ɗakin gwajin da ke ƙiyasta shekarun tsofaffin abubuwa ta hanyar sinadarin kabon.

Wani abin mamaki shi ne, gubar da gwaje-gwajen bama-bamai suka watsa a sararin samaniya ita ce ta zama ma'auni a hannun masana. Don fahimtar haka, sai an san abin da ake kira aisotof. Ƙwayoyin zarra na sinadari guda suna iya bambanta da juna a nauyi, kamar 'ya'yan ɗaki ɗaya da wani ya fi wani jiki. Kowane nau'i daga cikinsu shi ne aisotof. Wasu a zaune suke ba sa canzawa, wasu kuwa suna rikiɗa sannu a hankali, cikin ƙa'idar da zafi ko sanyi ba ya sauya ta.

Manyan gwaje-gwajen da Amurka da Tarayyar Sobiyat suka yi a sararin sama sun cika ruwan sama da tiritiyam, wani nau'in haidirojin mai nauyi, wanda yawansa ya kai ƙololuwa a shekarar 1963. Rabin tiritiyam yana ƙarewa cikin shekara 12 da 'yan watanni. Ke nan rijiyar da aka samu tiritiyam a ruwanta, ruwan saman wannan zamani ne ke ciyar da ita, wadda kuwa babu ko ɗigo a cikinta, ruwanta ya shiga ƙasa tun kafin zamanin bama-bamai. Don gano shekarun ruwan da ya fi haka tsufa, ana amfani da kabon-14, wanda rabinsa ke ƙarewa cikin shekara 5,730. Haka kuma siziyam-137, wanda ya sauka da ƙurar bama-baman ya manne wa ƙasar sama, yana nuna inda zaizaya ta kwashe gona da inda ta jibge ta. Su kuma aisotof masu zama lafiya, oksijin-18 da haidirojin mai nauyi biyu, suna faɗin asalin ruwa. Idan rana ta bugi tafki, ƙwayoyin ruwa marasa nauyi ne ke fara tashi, sai ragowar ya yi nauyi, don haka ana gane rijiyar da tafki ke shayar da ita daga wadda ruwan sama ke sauka mata kai tsaye. Tun farkon shekarun 1960 hukumar IAEA da Hukumar Yanayi ta Duniya suka fara tara samfurin ruwan sama wata-wata a tashoshi daban-daban na duniya, kuma Kano tana cikinsu.

Wannan hanya ta ba da sakamako mai nauyi a ƙasar Sakkwato. Binciken da masanan Jamus, Geyh da Wirth, suka wallafa a 1980 ya nuna cewa ruwan da ke danne a ƙarƙashin duwatsun Gwandu ya shafe dubban shekaru a wurin. Ma'anar haka ga mai haƙa rijiyar burtsatse ita ce, yana ɗiba ne daga rumbun da aka cika a wani zamani mai damina fiye da ta yau, kuma abin da ya ɗiba ba zai komo a rayuwarsa ko ta jikokinsa ba.

Tukunyar Zariya da Gubar Zamfara

A shekarar 1976 gwamnatin sojan Nijeriya ta yi dokar kafa hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa, sannan aka zaɓi jami'o'i biyu, ta Ife da ta Ahmadu Bello da ke Zariya, don horar da ma'aikata. Daga nan Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi, CERT, ta samu a Zariya. Sai a ranar 3 ga watan Fabrairu, 2004, tukunyar nukiliyar bincike ta farko a ƙasar, NIRR-1, ta fara aiki a cibiyar. Ƙirar ƙasar Sin ce, ƙarama ƙwarai, ƙarfinta kimanin kilowat 30, wato ba ta kai ta haskaka unguwa ba, kuma ba don lantarki aka yi ta ba. Irinta ce Ghana ta kunna a 1994. A shekarar 2018 aka cire mata makamashin da aka tace fiye da kashi 90 cikin ɗari, irin wanda ake gudun faɗawarsa hannun masu ƙera makami, aka mayar da shi Sin, aka sa mata wanda aka tace kashi 13.

Aikin tukunyar awo ne. Ana niƙa ɗan samfurin ƙasa ko hatsi ko ganye ko ƙurar hunturu, a ƙunshe shi cikin kwanson roba, iska ta tura shi ta bututu zuwa cikin tukunyar. A can ƙwayoyin niyutiron ke dukansa, sinadaran da ke cikinsa su ɗauki tururi na ɗan lokaci. Idan aka fito da shi, kowane sinadari yana fitar da haske mai ƙarfin da ya keɓanta da shi, na'ura kuma ta ƙidaya. Da haka ake gano sinadarai fiye da ashirin a cikin abin da bai kai cikin cokali ba. Ɗalibai masu yawa daga jami'o'in arewacin Nijeriya sun yi digirinsu na biyu da na uku da wannan tukunya, suna auna lakar koguna da ƙasar gonaki da takin zamani da kayan abinci.

Darasi mafi ɗaci game da tsadar rashin awo ya zo ne daga Zamfara. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta lura da yawan mutuwar ƙananan yara a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma da Abare. Da farko an zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Daga baya aka gane gubar dalma ce daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, a injinan niƙan hatsi da turamen daka. Yara fiye da 400 suka rasu. Tukunyar nukiliya ba ta ganin dalma da kyau, don haka abin da ya yi aiki a ƙauyukan shi ne wata na'urar hannu da ke haska ƙasa da hasken eksire ta karanta sinadaranta cikin daƙiƙoƙi. Da ita aka bi gida gida, aka samu wuraren da dalma ta haura kashi 10 cikin ɗari na nauyin ƙasar tsakar gida, aka san inda za a kankare da inda za a bari. Garin Bagega sai a 2013 aka share shi. Na'urar da ta yi wannan aiki mutum ɗaya ke rataye ta a kafaɗa, kuma matashin da ya karanta kimiyya zai iya koyon sarrafa ta cikin ɗan lokaci.

Abin da Fadamun Djougou Suka Koyar

A daidai lokacin da ake jiran tukunyar Zariya, wani irin aiki mai bukatar haƙuri ya kankama a arewacin Benin. Parakou da Djougou suna zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, wanda ba ya riƙe ruwa sai a ɓawonsa da ya ruɓe da kuma tsagoginsa. Don haka, duk da cewa ruwan saman yankin yakan kai kimanin milimita 1,200 a shekara, rijiyoyi da yawa ba su da ƙarfi, Parakou ma da madatsar ruwan kogin Okpara ta dogara. Tun ƙarshen shekarun 1990 cibiyar bincike ta IRD ta Faransa, tare da hukumar ruwa ta Benin da jami'o'in ƙasar, suka shimfiɗa ma'aunan ruwan sama da na rafuka da na rijiyoyi a saman kogin Ouémé, a ƙarƙashin shirin da aka sani da AMMA-CATCH. Jami'o'in Kolon da Bon na Jamus su ma sun yi aiki a yankin daga 2000 zuwa 2009 da shirinsu na IMPETUS, kuma awon aisotof da ɗalibansu suka yi ya nuna cewa ruwan rijiyoyin yankin ruwan saman wannan zamani ne.

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana damun masana. Rafukan yankin suna ƙafewa ƙurmus da rani, alhali rijiyoyin da ke kusa da su suna da ruwa. Bamory Kamagaté, ɗan ƙasar Kwaddebuwa, ya yi digirinsa na uku a Montpellier a 2006 a kan rafin Donga da ke kusa da Djougou. Ta hanyar kwatanta sinadaran ruwan rafi da na rijiya da na fadama, aikinsa da na abokan bincikensa ya nuna cewa ruwan rafin daga malalen sama yake zuwa da kuma ruwan da ke kwance a fadamu lokacin damina. Ruwan ƙasa mai zurfi ba ya isa rafin, domin saiwoyin itatuwa ne ke zuƙe shi. Wannan ya nuna cewa duk abin da ya taɓa fadama, ko noman shinkafa ko sare itatuwan bakin rafi, ya taɓa kogin kansa.

A gabashin Yamai kuwa, inda shirin yake da wani filin awo, abin da aka gani ya saɓa wa hankali. Duk da farin shekarun 1970 da 1980, ruwan rijiyoyi ƙaruwa yake yi, har ya hau da kimanin mita 4 tsakanin 1963 da 2007. Guillaume Favreau, wanda shi ma a lokacin ɗalibin digiri na uku ne, ya yi amfani da tiritiyam da kabon-14 wajen nuna cewa ruwan da ke shiga ƙasa ya ninka na da sau da yawa. Dalili shi ne sare daji don noma ya sa ƙasa ta yi ɓawo, ruwa ya riƙa gangarawa tafkuna, daga can ya nutse. Wurare biyu ke nan, kowanne da halin ruwansa, kuma ba a iya ɗaukar amsar ɗaya a ba ɗaya. Abin da ya haɗa su shi ne, masu neman digiri ne suka warware su, bayan shekaru na yawo da kwalba da igiyar awo daga rijiya zuwa rijiya.

Ƙofofin da Suka Buɗe wa Matasa

Daga shekarar 2012 zuwa 2017 hukumar IAEA ta gudanar da babban shirin awon ruwan ƙarƙashin ƙasa a ƙasashe 13 na Sahel da kewayensa, ciki har da Benin da Nijar da Nijeriya. Shirin ya duba manyan rumbunan ruwa biyar da ƙasashe ke tarayya a kansu. Ɗaya daga ciki shi ne na Iullemmeden, wanda ya shimfiɗu daga Mali da Nijar zuwa Sakkwato da Kebbi, ya leƙo yankin Kandi a arewa da Parakou. Masanan ƙasashen ne da kansu suka ɗebo samfurin, kuma sakamakon ya nuna akwai ruwa mai yawa mai kyau, tare da wuraren da gishirin naitiret daga masai da taki ya fara gurɓatawa. Sai dai an auna da yawa daga cikin kwalaben ne a ɗakunan gwaji na waje, kamar na Maroko da Tunisiya. Wannan ne ya sa zagayen shirin da ya biyo baya ya karkata ga horar da ɗalibai masu digiri na biyu da na uku, waɗanda ke raba lokacinsu tsakanin jami'arsu ta gida da ɗakin gwaji na waje.

Ban da wannan, akwai wasu ƙofofin. Yarjejeniyar AFRA ta haɗin gwiwar ƙasashen Afirka kan kimiyyar nukiliya, wadda ta fara aiki a 1990, tana tura ɗalibai zuwa cibiyoyin nahiyar, kamar makarantar kimiyyar nukiliya ta Jami'ar Ghana da aka buɗe a 2006. Cibiyar ICTP da Abdus Salam ya kafa a Trieste ta Italiya a 1964 tana da tsarin da ɗalibin digiri na uku ke zuwa na 'yan watanni ya koma gida. A 2020 hukumar IAEA ta buɗe tallafin karatu mai sunan Marie Curie don mata masu neman digiri na biyu, a 2023 kuma ta ƙaddamar da haɗakar ɗakunan gwajin ruwa ta duniya, da nufin kowace ƙasa ta iya auna ruwanta a gida. A cikin yankin akwai Cibiyar Aisotof ta Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai, jami'ar da ke ɗauke da sunan masanin kimiyyar nan haifaffen Tasawa. Jami'ar Parakou, wadda aka kafa a 2001, tana da tsangayar aikin gona a tsakiyar ƙasar auduga, inda tambayoyin zaizayar ƙasa da makomar taki ke jiran mai auna su. Sauyin fasaha ma ya taimaka, domin na'urar leza da ke auna aisotof ɗin ruwa a kan tebur ta fi tsofaffin na'urori araha da sauƙin kulawa nesa ba kusa ba.

Ƙofofin suna da nasu ƙa'idoji da cikas. Yawancin guraben hukumar IAEA ba a neman su kai tsaye, sai ta hannun jami'in da kowace ƙasa ta naɗa don hulɗa da hukumar, don haka ɗalibin da ba shi da malami a cikin wani shiri na ƙasa yakan ji labari bayan an rufe. Na'ura tana bukatar wutar da ba ta yankewa, da kayan gyara, da ma'aikacin da ba zai bar aiki ba. Harshe ma shinge ne, domin rumbun ruwan da ke ƙarƙashin Kandi da Gaya da Birnin Kebbi guda ne, amma rahoton wannan gefe da Faransanci ake rubuta shi, na wancan da Ingilishi. Rashin tsaro ya hana zuwa wasu rijiyoyin da ake aunawa a da, kuma duk shekarar da aka tsallake ta tafi ke nan, ba a iya komawa a auna ruwan saman bara.

A nan Hausa take da wani matsayi da ba a cika ambata ba. Ita ce ke haɗa mai rijiya a Malanville da na Gaya da na Kamba, kuma da ita ake neman izinin mai unguwa kafin a zura kwalba a rijiyar gari. Kalmar fadama ma ta shiga rubuce-rubucen masana ruwa da ƙasa kamar yadda take. Mai binciken da ke jin Hausa yana iya tambayar tsoho shekarar da aka haƙa rijiya da gaba nawa aka samu ruwa, sannan ya koma ya gaya wa mutanen abin da kwalbarsu ta nuna. A Zamfara, bayanin da aka yi wa iyaye da harshensu, cewa a fitar da niƙan dutse daga cikin gida, yana cikin abubuwan da suka ceci yara.

Kammalawa

Yuraniyam ya shafe fiye da rabin ƙarni, har zuwa 2023, yana bin hanyar Parakou zuwa teku, kuma a mafi yawan wannan lokaci ƙasashen da ya ratsa ba su da isassun masu auna abin da ya bari. Abin da aka samu daga baya, daga tukunyar Zariya zuwa ma'aunan rafin Donga, ya samu ne a hankali, ta hannun ɗalibai da ƙananan malamai da suka yarda su daɗe a kan tambaya guda. Ayyukan da ke gaba a bayyane suke. Dusar dutsen Akokan za ta bukaci mai sa ido na ɗaruruwan shekaru. Rijiyoyin burtsatse suna ƙaruwa a Sakkwato da Kandi a kan ruwan da wani sashensa ba ya sabuntuwa. Haƙar zinariya ta gargajiya tana yaɗuwa, garuruwan Parakou da Djougou kuma suna faɗaɗa a kan dutsen da ba ya riƙe ruwa da yawa. Tiritiyam ɗin bama-bamai kansa yana ƙarewa, domin tun 1963 rabinsa ya ƙare har sau biyar, saboda haka masu tasowa za su bukaci na'urori masu kaifi da sababbin dabaru. Madugun da ya san rijiyoyin hanyar Gwanja a ƙafa ya koyi saninsa, shekara bayan shekara, kuma wanda zai gaje shi a wannan aiki zai fara ne daga wuri guda, wato bakin rijiya, da kwalba a hannu da littafin rubuta kwanan wata.